Masassaƙan ƙasar Misira ta da

1. Kayan ɗakin uwar sarki

A ƙasar Misira, kusa da birnin Alƙahira, akwai wani wuri da ake kira Giza. A nan ne manyan dala uku na dutse suke tsaye. Wadda ta fi girma, sarki Kufu ne ya sa aka gina ta, yau fiye da shekara 4500 ke nan.

A shekarar 1925, wasu masu binciken tarihi suna aiki kusa da wannan dala. Shugabansu wani mutumin Amurka ne, mai suna George Reisner. Wata rana mai ɗaukar hotonsu ya zo kafa akwatin hoto, sai ƙafar abin ta faɗa a wani wuri da aka shafe da farar ƙasa. Da aka tona, sai ga wani rami kamar rijiya, cike da duwatsu. Aka yi ta kwashe duwatsun har zurfin wajen metir 27. A can ƙasa aka tarar da wani ɗan ɗaki. Ɗakin na Heteferes ne, matar sarki Sineferu, uwar sarki Kufu.

A cikin ɗakin akwai gado, da kujeru, da akwatuna, da wata kujera mai sanduna wadda ake ɗaukar uwar sarki a ciki. Amma kusan dukan iccen ya ruɓe, ya zama gari. Abin da ya rage shi ne zinariyar da aka lulluɓe iccen da ita. Masu binciken ba su yi gaggawa ba. Sun yi kusan shekara 2 suna ɗaukar hoto, suna zana kowane guntu a takarda kafin su ɗaga shi. Zinariyar ta riƙe siffar iccen da ya ruɓe, har da wuraren da aka haɗa wannan da wancan. Da haka aka sassaƙa sabon icce, aka mayar da tsohuwar zinariya bisa kansa. Gado ya sāke tsayawa, kujera ta sāke tsayawa.

Masassaƙan da suka yi waɗannan kaya ba su da inji. Ba su da baƙin ƙarfe. Ba ƙusa ce ke riƙe da kujerunsu ba. Ƙasarsu kuma ba ta da manyan itatuwa. To, yaya suka yi?

2. Ƙasa mai ƙarancin icce

Misira ƙasa ce ta hamada. Ruwan sama bai cika sauka ba. Mutane suna zaune ne a bakin kogin Nil, inda suke noma. Itatuwan da ke tsirowa a can, yawancinsu ɗan ƙasar Hausa ya san su: bagaruwa, ɓaure, kurna, goriba da dabino.

Kowane icce da halinsa. Bagaruwa tana da ƙarfi ƙwarai, amma gajera ce, ga ta da karkata. Ɓaure yana da kauri, yana da sauƙin sassaƙa, amma bai kai bagaruwa ƙarfi ba. Kurna tana da tauri, sai dai ba ta ba da babban katako. Goriba da dabino dogaye ne, ana rufin ɗaki da su, amma jikin dabino zare-zare ne, ba ya yin kujera mai kyau.

Saboda haka Misirawa suke zuwa nesa neman icce. Daga duwatsun ƙasar Liban suke samo al'ul, wani icce dogo, miƙaƙƙe, mai ƙamshi, wanda ƙwari ba su cika ci ba. Ana loda shi a tashar jiragen ruwa ta Biblos, a biyo teku da shi. Wani tsohon rubutu bisa dutse ya nuna cewa a zamanin sarki Sineferu an kawo jirage 40 cike da icce. Daga kudu kuma, ta wajen ƙasar Sudan ta yanzu, suke samo wani baƙin icce mai nauyi, da hauren giwa. Misirawa suna kiran wannan baƙin icce «hebeni». Daga nan ne kalmar faransanci «ébène» ta samo asali.

Iccen da ya yi irin wannan tafiya yana da tsada. Sai sarki da manyan mutane ke iya samunsa. Don haka masassaƙin Misira ya koyi abu biyu. Na farko, kada ya ɓata ko guntu ɗaya. Na biyu, ya iya haɗa ƙananan guntaye su zama babban abu mai ƙarfi.

3. Kayan aiki

An san kayan aikin masassaƙan Misira sarai, domin an samu da yawa a cikin kaburbura. An kuma samu zanensu a jikin bango. A kabarin wani waziri mai suna Rekmire, kusa da birnin Luksor, an zana masassaƙa suna aiki, wajen shekara 1450 kafin haihuwar Annabi Isa. A shekarar 1920 kuma, a kabarin wani babban mutum mai suna Meketre, an samu ɗan ƙaramin shagon sassaƙa da aka yi da icce, kamar abin wasan yara. A ciki ga mutum-mutumin ma'aikata, kowa riƙe da kayan aikinsa. A gefe ga akwatin ajiyar kayan aiki.

Da jan ƙarfe ake ƙera kayan aikin. Daga baya aka samu tagulla, wadda ta fi shi tauri. Jan ƙarfe yana saurin dakushewa, don haka masassaƙi ba ya rabuwa da dutsen wasa kaifi.

Gatari shi ne na sare icce da datse rassa.

Gizago shi ne babban abokin masassaƙi. Da shi ake fere icce, a daidaita shi. Ana ɗaure bakinsa a jikin ƙota da igiyar fata. In an ɗaura fatar tana jiƙe, sai ta bushe ta matse, bakin ya zauna daram.

Zarto shi ne na tsaga katako. Zarton da suka fi aiki da shi yana yanka ne in an jawo shi, ba in an tura ba. Dalili shi ne jan ƙarfe yana da taushi. In an tura shi da ƙarfi sai ya lanƙwashe, amma in an jawo shi sai ya miƙe.

Kurfi ƙarfe ne mai kaifin baki. Ana buga shi da guduma ta icce, a haƙa rami a jikin katako.

Mahuji shi ne na yin ƙananan huji. Sanda ce mai tsinin ƙarfe. Ana naɗa mata tsirkiyar baka. Masassaƙi ya danne kan sandar da hannu ɗaya, ya riƙa kai bakan gaba yana komowa da shi da ɗaya hannun. Sandar ta yi ta juyawa, tsinin yana shiga icce.

In an gama sassaƙa, sai a ɗauki dutse mai kaushi a yi ta goga iccen har ya yi sumul.

Wajen awo kuma, da kamu suke aiki, kamar yadda masu sayar da ƙyalle suke yi a kasuwannin ƙasar Hausa. Kamun sarki ya kai santimetir 52 da rabi. An raba shi tafin hannu 7, kowane tafi yatsa 4, wato yatsa 28 ke nan. A shekarar 1906 an buɗe kabarin wani shugaban magina mai suna Ka. A cikin kayansa akwai sandar awo ta icce wadda ake naɗewa biyu. Tana gidan kayan tarihi na birnin Turin, a ƙasar Italiya.

4. Daga gungume zuwa katako

In an sare icce, sai a datse shi gungume-gungume. A tsakiyar shago akwai wani turke da aka kafa a ƙasa. Ana tsayar da gungume a jikin turken, a ɗaure shi tam da igiya. Mai zarto ya fara yanka daga sama, yana gangarowa ƙasa. In zarto ya yi nisa, tsagar takan matse shi. Sai a cusa ɗan guntun icce a bakin tsagar don ta buɗe. In an kai ga igiya, sai a kwance ta, a sāke ɗaurewa a wani wuri.

Aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi. Katako ɗaya yakan sa mutum gumi. Bayan an tsaga, sai a bar katakon ya bushe sosai. In an yi aiki da ɗanyen katako, zai ƙanƙance daga baya, haɗin ya saki, kujera ta riƙa girgiɗi.

5. Haɗi ba da ƙusa ba

A nan ne gwanintar masassaƙan Misira ta fi fitowa. Suna da dabarun haɗi iri-iri.

Na farko shi ne ɗauri. Ana huda katako biyu, a zura igiyar fata, a ɗaure. Wannan ita ce tsohuwar dabara. Da ita ake ƙara wa ƙafar gado ƙarfi a jikin sandunansa.

Na biyu shi ne rami da harshe. Ana haƙa rami mai kusurwa huɗu a jikin icce ɗaya. A bakin ɗaya iccen kuma a fere harshe daidai girman ramin. Sai a buga harshen ya shiga. In harshen ya yi ƙanƙanta, haɗin zai yi motsi. In ya yi girma, iccen zai tsage. Dole awon ya yi daidai. Sau da yawa akan huda gefen haɗin, a buga tsinken icce ya ratsa harshen, don kada ya fita. Icce mai tauri kamar kurna ko bagaruwa shi ya fi dacewa da wannan aiki.

Na uku shi ne haɗin da ake kira «queue d'aronde» da faransanci, wato wutsiyar tsattsewa. Ana yanka bakin katako haƙora-haƙora, kowane haƙori bakinsa ya fi gindinsa faɗi. A ɗaya katakon a yanka gurabensu. In sun shiga juna, ko an ja ba su fita. Da shi ake haɗa kusurwar akwati.

Na huɗu shi ne ɗan guntun icce mai siffar kalangu: tsakiyarsa siririya, bakinsa biyu masu faɗi. Ana jera katako biyu gefe da gefe, a haƙa masa gurbi rabi a wannan, rabi a wancan, a dasa shi. Sai ya riƙe su kamar hannu.

Suna da danƙo kuma. Ana dafa fata da ƙasusuwan dabbobi har ruwan ya yi kauri, a shafa shi da zafinsa. A zanen kabarin Rekmire, ana ganin tukunyar danƙo bisa wuta. Ƙananan ƙusoshi kuwa, an fi amfani da su wajen kafa zinariya ko jan ƙarfe a jikin icce.

Irin wannan haɗi yana da wani amfani: ana iya kwance shi. A cikin kayan Heteferes akwai wata rumfa ta sanduna, wadda ake rataya wa labule a kewaye gado. Tsawonta ya fi metir 3. Ana iya warware ta sanda-sanda, a ɗauka, a sāke kafawa a wani wuri. An lulluɓe harsunan da ramukan da jan ƙarfe don kada su cinye. Da dabarun nan ne kuma aka yi jirgin ruwan sarki Kufu, wanda aka gano a 1954 a wani rami kusa da dalarsa. An same shi a warware, guntu 1224. Da aka haɗa shi da harsuna da igiyoyi, tsawonsa ya fi metir 43.

6. Ba a zubar da guntu

Katakon bagaruwa ko na ɓaure ba ya cika miƙewa. Masassaƙin Misira ba ya fere shi har ya miƙe, domin rabinsa zai tafi a banza. Sai ya nemi wani katako, ya yanka gefensa ya bi karkatar na farko, ya haɗa su da tsinken icce. In akwai rami ko kulli a jikin katako, sai ya ƙwaƙule wurin, ya dasa ɗan guntu, kamar yadda tela yake yi wa riga faci.

Bayan haka sai a kwaɓa alli da danƙo, a shafe kayan. In ya bushe a goge shi, a zana masa launi, ko a manna masa zinariya da aka buga ta yi fele-fele. Mai kallo ba zai san guntu nawa ke ƙarƙashi ba.

Icce mai tsada kuwa, yanka shi ake yi siriri-siriri, a manna bisa icce mai araha. Akwati ya zama cikinsa ɓaure, bayansa baƙin icce. Wani lokaci a yanka baƙin icce da hauren giwa ƙanana-ƙanana, a jera su baƙi da fari, su ba da ado.

A Sakkara, ƙarƙashin dalar sarki Joser, an samu guntayen wani akwatin gawa na wajen shekara 2650 kafin haihuwar Annabi Isa. An yi shi da siraran katako hawa 6, kowane hawa kaurinsa wajen milimetir 4. An gicciya su, wannan a tsaye, wancan a kwance, aka haɗa da tsinken icce. Icce yana tsagewa ne ta hanyar da jijiyarsa ta bi. In an gicciya hawa-hawa, kowane hawa yana hana ɗan'uwansa tsagewa. Katakon nan mai hawa-hawa da ake sayarwa a kasuwa yau, da wannan dabara ake yinsa.

7. Gado, kujera da akwati

Gadon Misirawa sanduna huɗu ne da ƙafafu huɗu. Ana huda sandunan, a saƙa igiya ko fata a tsakani. Sau da yawa wajen kai ya fi wajen ƙafa tudu. A wajen ƙafa akwai katakon tokare. A wajen kai kuma ana ajiye matashin kai na icce, mai baki kamar jinjirin wata. A zamanin sarakunan farko, ana sassaƙa ƙafar gado kamar ƙafar sa. Daga baya aka fi son ƙafar zaki.

Kujera mai jingina ta manya ce. Sauran mutane suna zama bisa ƴar gajerar kujera, ko bisa tabarma. Ma'aikata suna da kujera mai ƙafa uku, wadda ba ta girgiɗi ko ƙasa ba ta daidaita ba. Akwai kuma kujera mai naɗewa, wadda ake sassaƙa ƙarshen ƙafafunta kamar kan agwagwa. Tufafi da kayan ado, a akwati ake ajiye su.

A shekarar 1922, wani Bature ɗan Ingila, Howard Carter, ya gano kabarin sarki Tutankamun. An samu kaya fiye da 5000 a ciki. Wannan sarki ya hau gadon sarauta yana da shekara wajen 9. A cikin kayansa akwai ƴar kujerar da ya zauna a kai yana yaro, ta baƙin icce da hauren giwa. Akwai kuma gadon tafiya mai naɗewa uku. Iccen kayansa bai ruɓe kamar na Heteferes ba.

A wancan zamani babu kuɗin kashewa irin na yanzu. Ana kimanta kaya da nauyin jan ƙarfe. Ma'aunin sunansa «deben», ya kai giram 91. A ƙauyen ma'aikata na Der el-Medina, gado ɗaya yakan kai wajen deben 20. Mai saye yakan biya da hatsi, ko tufa, ko dabba.

8. Sana'ar hannu

Yawancin masassaƙan nan ba a san sunansu ba. Sunan sarki ake rubutawa a jikin kujera, ba na wanda ya yi ta ba. Yaro yakan koyi sana'ar a wurin ubansa, tun yana ƙarami. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masassaƙin ƙasar Hausa yana da gizago kamar na Misira. Amma hanyar aikinsu ta bambanta. Shi yakan ɗauki gungume guda ya fitar da turmi, ko akushi, ko kujerar mata, ba tare da haɗi ba. Na Misira kuwa tsagawa yake yi, ya haɗa. Abin da ya gama su shi ne dukansu a bakin hamada suke aiki, inda icce yake daɗewa kafin ya girma. A yau kafinta yana da inji da ƙusa, amma in yana son tebur mai ƙarko, rami da harshe yake yi.

Abin tunawa

Misira ba ta da manyan itatuwa. Masassaƙanta sun yi aiki da kayan jan ƙarfe da tagulla. Sun haɗa icce da ɗauri, da rami da harshe, da tsinken icce, da danƙo. Ba su zubar da guntu. Wasu kayan da suka yi sun fi shekara 3000, suna nan har yanzu.

Kalmomi da faransanci

masassaƙi : le menuisier
gizago : l'herminette
zarto : la scie
kurfi : le ciseau à bois
katako : la planche
jan ƙarfe : le cuivre
tagulla : le bronze
hauren giwa : l'ivoire
al'ul : le cèdre
kamu : la coudée
rami da harshe : la mortaise et le tenon
tsinken icce : la cheville

Tambayoyi

1. Wace ce Heteferes? A wace shekara aka gano kayanta?
2. Iccen kayanta ya ruɓe. Yaya aka gane siffarsu?
3. Waɗanne itatuwa ne ke tsirowa a Misira? Waɗanne ake kawowa daga nesa?
4. Don me zarton Misirawa yake yanka in an jawo shi?
5. Me zai faru in harshe ya fi ramin girma?
6. Don me ake gicciya katako hawa-hawa?

Lissafi

1. Tsawon wani katako kamun sarki 4 ne. Santimetir nawa ke nan?
2. Gado ya kai deben 20. Giram nawa ne na jan ƙarfe?

Aiki

1. A duba tebur da bencin aji. A nemo inda aka haɗa icce da ƙusa, da inda aka haɗa da rami da harshe. A zana su a littafi.
2. A ziyarci wani masassaƙi na gari. A tambaye shi sunan kayan aikinsa, da iccen da yake aiki da shi, da inda yake samo shi, da abin da yake yi da guntayen da suka rage.